Mikisar da ke raba sauti layi-layi

Malam, ka ce kana son ɗaukar murya, gurmi da kalangu lokaci guda, kowanne a layinsa, kuma ka hango mikisa (na'urar haɗa sauti) Yamaha MG10XU. Don Allah dakata. Ta USB layi biyu kacal take aika wa kwamfuta, komai a cakuɗe. Ni na sha wannan: kalangu ya danne muryar mawaƙi, ba halin rage shi, sai da muka sake ɗauka daga farko.

Nemi Zoom LiveTrak L-8. Ramukan makirufo 6 gare ta, tana ajiye kowane layi daban a katin SD ko babu kwamfuta. Tana kuma aiki da batir AA guda 4. A nan Maradi, lokacin zafi da kuran ke yawan ɗaukewa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.