Keken da ke bangon shagon kakanka

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai magini ya ce a ɗora zankwaye, ƙahonin adon nan na saman gini, a kan sabon shagonka na Wunti a Bauchi, a zana dagi a goshinsa, kai kuma kana gudun kada a ce ƙauyanci ne ko fariya. Sai da na yi dariya, daga baya jikina ya yi sanyi. Yau jikan Baba ne ke tambaya ko zanko abin kunya ne!

Tun kafin a ba mu jiha a 1976, kakanka yana da shagon yadi, ginin tubali da rufin azara. Shekarar da ya sayi keke Raleigh ya kira magini a gyara fuskar shagon. Ni ne ɗan ɗebo ruwa. Muka jiƙa ɓawon ɗorawa aka yi makuba ta shafen bango, hannuna ya kwana uku yana warinta. Maginin nan ba takarda, ba ma'auni. Da yatsa yake bin ɗanyar ƙasa, sai ga dagi ya fito a saman ƙofa, takobi a gefe, can ƙasa kuma keke, har da ƙararrawarsa. Yara suka yi cincirindo, mata masu wucewa suna leƙe ta cikin mayafi. Baba yana kan tabarma, wai shi bai ma lura ba.

Da la'asar sai ga dattijon da ke ba shi yadi bashi. Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Malam, ka ɗora bango a kan keke, ni ka bar ni a ƙasa." Bai ƙara ko kalma ba. Kafin Juma'a Baba ya sayar da keken ya biya shi. Na bango ya zauna fiye da shekara ashirin, mai shi yana zuwa kasuwa da ƙafa.

Kakarka kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, shago ma haka. A da, wanda ya yi wa gaban shagonsa ado ya shaida wa gari ke nan cewa ya kafu, mai binsa kuɗi ya san inda zai same shi. Shi ya sa kayan aro ba ya ado. Ku yanzu kowa tayil da baƙin gilashi, daga Muda Lawal har Yelwa ba ka bambance mai magani da mai waya sai ka karanta allo. Garin Kafin Madaki ga shi nan kusa, aikin Babban Gwani, fitaccen maginin nan na da, yana tsaye, na san ko sau ɗaya ba ka je ba.

Af, mai simintin da uwarka ta ce yana ta yi maka sintiri, kun gama da shi? Ka zo ranar Asabar da hoton zanen, in ga ko maginin naka ya ma iya ƙulla dagin.