Ƙarfin maganaɗisun ƙasa (H) yana tashi kullum da tsakar rana, guguwar rana ce ke tafe?

Tambaya: Salam Dakta. Ni ɗalibin fizis ne, ina duba bayanan magnetomitar tashar Ilorin, na'urar auna maganaɗisun ƙasa, kullum da tsakar rana sai H, wato ƙarfin maganaɗisun na kwance, ya haura. Ga shi an turo mana a WhatsApp wai a kashe waya daga 12:30 zuwa 3:30 na dare saboda guguwar rana, hankalin mahaifiyata ya tashi sosai.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗana, abin da kake gani ilektrojet ne, wato wutar lantarkin da ke gudana kimanin kilomita 100 sama a kan ikwaitar maganaɗisu, wadda ta ratsa ta Najeriya, shi ya sa jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa tashoshin magnetomita na shirinta MAGDAS a Ilorin da Legas da Abuja. Rana ta take H ya tashi, ta faɗi ya kwanta. Guguwa kuwa saukar da H take yi, kuma a tashoshi da yawa lokaci guda, shi ya sa da tashoshi 4 ake haɗa Dst, ma'aunin wannan saukar: Honolulu, San Juan, Hermanus da Kakioka. Tasha ɗaya ba ta isa shaida ba, ko mota ta tsaya kusa da na'urar sai layi ya motsa.

Saƙon nan na WhatsApp kuwa wallahi ya ishe ni, shekara da shekaru yana yawo ana canza masa kwanan wata kawai. Wace guguwa ce take duba agogon Najeriya ta fara 12:30 daidai? A babbar guguwar Mayun 2024 Kp, ma'aunin ƙarfin guguwa daga 0 zuwa 9, ya kai 9, Dst ya faɗi ƙasa da -400, wayar wa ta fashe a ƙarƙashin matashi? Guguwa dogayen wayoyin lantarki da taransifoma take dama, kamar yadda ta jefa Kibek ta Kanada cikin duhu na awa 9 a Maris 1989, sai GPS da rediyon gajeren zango da tauraron ɗan Adam. Amma mutum ya kashe waya cikin dare, mai ciki naƙuda ta tashi ko tsoho numfashinsa ya sarƙe ba a iya kiran kowa, saboda wani ya tura abin da bai bincika ba har da "don Allah a yaɗa", masu digiri ma suna ciki. Ku ji tsoron Allah.

Ka ce wa Hajiya ta bar wayarta a kunne, kai kuma ka buɗe SuperMAG, shafin intanet na bayanan magnetomita, ka ɗauko na Hermanus ka jera da naka na Ilorin na rana ɗaya ka gani da idonka.