Tsohuwar na'urar kobalt da haska jiki gaba ɗaya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsohuwar na'urar gashin cutar kansa mai aiki da kobalt-60, wani ƙarfe mai fitar da hasken radiyeshin, za ta iya haska jikin majiyyaci gaba ɗaya kafin dashen ɓargo. Za ta iya, har ma tsufan nata yakan zama alheri.

Ƙarfin kobalt-60 yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni. Wajen gasa ƙari guda, wannan ciwon kai ne, don kowane majiyyaci sai ya daɗe a kwance, layi ya yi tsawo. Amma idan jiki duka za a haska, a hankali ake so hasken ya shiga, saboda huhu ba ya jure gaggawa. Shi ya sa ake raba adadin hasken, sau da yawa gida 6 cikin kwana 3.

Inda aikin yake shi ne faɗi. Hasken na'urar bai fi faɗin babban tire ba, sai a matsar da majiyyaci mita 3 zuwa 4, ko a cire abin da ke matse bakin hasken a shimfiɗar da majiyyacin a ƙasa. A sa dalma saitin huhu don kare shi, a manna 'yan ma'aunan haske a fata. Ba aikin kanikanci ba ne, sai da masanin fiziks na asibiti.

Kuma ranar da aka gama da na'urar, a san inda kobalt ɗin ya tafi. A 2000, a Samut Prakan ta Tailan, 'yan gwangwan suka fasa kan irin wannan na'ura, mutum 3 suka mutu.