Galaksi ba ya fitowa a hotona: in sauya na'ura ko in ƙara lokaci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na gina ɗan ɗaki a bayan gidana mai rufin da ake turewa, na kafa na'urar hangen nesa mai madubi faɗin inci 6 da kyamara. Wata da Jupiter suna fitowa tas. Amma da zarar na juya kan galaksi, wato tarin biliyoyin taurari masu nisa, irin su M51 da M101, sai in ga ɗan tabo dishi-dishi cike da tsaki-tsaki, taurarin gefe kuma sun ɗan miƙe. Nakan ɗauki hoto 20 a dare, kowanne na sakan 30. Shin in sayar da wannan in sayi mai inci 10?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayar tukuna. Lissafa abin da ka faɗa da bakinka: hoto 20 na sakan 30 minti 10 ke nan. Wata da Jupiter suna da haske mai yawa, ƙiftawar ido ta ishe su. M101 kuwa haskensa ya yi tafiyar shekara wajen miliyan 21 kafin ya iso rufinka, ga shi kuma ya fuskanto mu a shimfiɗe, sai ɗan hasken nasa ya bazu a fili mai faɗi. Da wuya minti 10 su fitar da murɗaɗɗun hannayensa tas ko da madubin ya ɗan fi naka girma.

Ka ɗauka ana yayyafi ka ajiye kwanuka a tsakar gida. In ka kwashe su bayan minti ɗaya, wani ya sami ɗigo uku, wani ɗaya, wani ko kaɗan. In ka bar su har safiya, kusan ruwa ɗaya za ka tarar a cikinsu. Kowane fiksil na kyamararka, wato ƙaramin ɗigon da ke karɓar haske, kwano ne, kuma tsaki-tsakin da ke damunka shi ne wannan rashin daidaiton. Ƙa'idarsa ba ta sauyawa: sai ka ninka lokaci sau 4 kafin tsabtar hoto ta ninku sau 2. Madubi mai inci 10 yana tara hasken da ya ninka na inci 6 kusan sau 2.8, wato tsabtar hoto za ta ƙaru da abin da bai kai ninki 2 ba. In kuwa ka tashi daga minti 10 zuwa awa 10, ka ninka haske sau 60, tsabta ta ƙaru kusan sau 8, ba tare da ka sayi komai ba. Awa 10 ɗin ba a dare ɗaya ake yin su ba. A nan ne ɗakin da ka gina zai biya ka, domin na'ura tana nan a kafe, gobe ka ture rufi ka ci gaba daga inda ka tsaya, daga baya ka haɗa hotunan duka a manhaja irin Siril ko DeepSkyStacker, waɗanda kyauta ne.

Miƙewar taurarin nan ta fi ba ni damuwa. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa. In na ƙaddara tsawon hasken na'urarka milimita 750 ne, wato nisan da ke tsakanin madubi da inda haske ke haɗuwa, fiksil ɗin kyamara kuma maikron 3.76, kamar yadda yake a kyamarori da yawa na yanzu, to kowane fiksil yana ganin kusan kashi 1 cikin 3600 na digiri. Tauraron da ke tsakiyar sama zai tsallake fiksil wajen 15 a sakan guda in na'ura tana tsaye cik. Saboda haka ƙafar da ke ɗauke da na'urar, mai motar da ke bin juyin sama, ita ce ke da aiki mafi nauyi a ɗakin nan. In tana kuskure a sakan 30 da inci 6 a kanta, ɗora mata inci 10 ƙara mata kaya ne kawai, iska ma ta sami babban bututun da za ta riƙa kaɗawa.

Fara da saita gindin ƙafar ya kalli wurin nan na arewacin sama da taurari ke kewayawa daidai. Hasashe da ido bai isa ba, yi amfani da kayan saiti da ke cikin manhajar NINA ko SharpCap. Bayan haka ka ɗora ƙaramar na'urar hange da ƙaramar kyamara a kan babbar, manhajar PHD2 ta riƙe tauraro ɗaya tana gyara wa motar tafiya duk bayan sakan biyu ko uku. Da wannan za ka iya kai kowane hoto minti 2 zuwa 3 taurari na nan a dunƙule. Duba kuma ginshiƙin da na'urar ke kai. In a haɗe yake da daɓen ɗakin, duk takun da ka yi zai fito a hoto. Ginshiƙin siminti ake so mai tushensa daban, da ɗan rata tsakaninsa da daɓe.

Sai maganar hasken gari, wadda mutane ke yawan ruɗewa a kanta. Akwai ma'aunin duhun sama da John Bortle ya fitar a 2001, daga 1, sama mai duhu ƙirin, zuwa 9, tsakiyar babban birni. Saman da ya fi wani haske sau 16 yana buƙatar lokaci kusan sau 16 kafin ya ba da hoto iri ɗaya na abu mai dishi-dishi. Za ka ga ana tallan matatar haske da ke barin siririn launi ɗaya ya wuce, irin jan hasken haidurojin mai tsawon nanomita 656. Tana aikin ban mamaki a kan gajimaren gas, amma hasken galaksi na biliyoyin taurari ne, ya ƙunshi dukkan launuka, in ka tace sai ka zubar da abin da kake nema. Fitilun titi na da, masu ruwan lemo, ana iya tace su saboda haskensu siriri ne. Fararen fitilun LED na yanzu sun mamaye launuka da yawa, ba su tacuwa haka. Abin da ke hannunka shi ne zaɓen lokaci: dararen da babu wata, sa'ad da galaksin ya hau can sama. In ya sauko zuwa digiri 30 daga doron ƙasa, haskensa yana ratsa iskar da ta ninka ta saman kai sau biyu, da ƙurarta da danshinta. Ni a nawa ra'ayin, ƙasa da nan ɓata dare ne.

Ba ka ambaci hotunan gyara ba, ina zaton ba ka ɗaukar su. Rufe bakin na'ura ka ɗauki hotunan duhu masu tsawo da zafi iri ɗaya da na ainihi, su ne ke cire ɗigon da sensa, wato farantin kyamara mai karɓar haske, ke haifarwa da kanta. Sannan ka ɗaura farin ƙyalle a bakin bututu, ka haska shi da haske mai laushi, ka ɗauki hotunan fili ba tare da ka juya kyamara ko ka motsa ta daga mazauninta ba. Waɗannan su ke goge duhun kusurwoyi da zoben da ƙwayar ƙura ke bari. Kafin ka ja hoton a manhaja, wato ka ƙara hasken sassansa masu dishi-dishi, ba za ka ga zoben ba. Da ka ja shi don hannayen galaksi su fito, sai ga zobe a zaune a inda ba ka so.

Game da abin da za ka nufa, ajiye M101 zuwa gaba. M81 da M82, masu nisan shekarar haske kusan miliyan 12, sun fi haske kuma suna shiga hoto ɗaya a na'ura irin taka. M51 ma yana da sauƙin kai. Shi ne galaksin da Lord Rosse ya fara gano murɗewarsa a 1845 a Ailan, da madubi mai faɗin inci 72, ya zana da hannu. Kai da inci 6 da awa 5 za ka ga abin da ya fi zanensa. Daga Maris zuwa Mayu gungun galaksi na Virgo yana sama da dare, a can hoto ɗaya kan kwaso galaksi da dama.

Ranar babban madubi tana zuwa, amma sai taurarinka sun dunƙule, kuma ka fara bin ƙananan abubuwa irin gungun nan na galaksi biyar da Édouard Stephan ya gano a 1877, waɗanda huɗu daga cikinsu ke nisan shekarar haske kusan miliyan 290. Ko a lokacin, rawar iska ce za ta yanke maka iyaka. A yawancin gidaje tana baza tauraro zuwa kashi 2 ko 3 cikin 3600 na digiri, saboda haka ka buɗe rufi tun da magariba madubi ya huce, kuma kada ka hanga ta saman rufin da ya sha rana.

Kada kuma ka goge ɗanyun hotunanka, ka tabbata agogon kwamfutarka daidai yake. A watan Mayu na 2023 wani mai sha'awar taurari ɗan Japan, Koichi Itagaki, ya gano fashewar tauraro a cikin M101 ɗin nan da ke ba ka wuya. Da masana suka so sanin sa'ar da fashewar ta fara, hotunan da masu ƙananan na'urori suka ɗauka a dararen da suka gabata suna cikin abin da suka koma suka bincika.