Me ya sa tsofaffin gine-ginen Galena suka tsira?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Galena, ƙaramin garin nan na jihar Illinois a Amurka, bai rushe tsofaffin gine-ginensa ba. A ganina, talauci ne ya kare su. Garin ya bunƙasa da haƙar dalma a ƙarni na 19, amma da kasuwarta ta faɗi, kogin da jiragen ruwa ke bi kuma ya cike da laka, sai mazauna suka rasa kuɗin sabunta gini. Shi ya sa babban titinsa mai lanƙwasa yake nan da shagunan jan bulo, da otal ɗin DeSoto na 1855, can kan tudu kuma ga gidan da a 1865 aka bai wa Janar Grant, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Amurka.