Me ya sa Double Dragon na Commodore 64 bai yi kama da na gidan wasa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kawuna ya yi karatu a Ingila, ya dawo da kwamfutar gida Commodore 64 da kwalin kaset na wasanni, ciki har da Double Dragon, wanda muka buga muna yara. Kwanan nan na ga bidiyon na ainihi a YouTube, bambancinsu kamar sama da ƙasa. Shin jabu aka sayar masa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bambancin da ka gani ba alamar jabu ba ce, haka na halal ɗin ya fito. Kamfanin Technos na Japan ya yi Double Dragon a 1987 don manyan akwatunan wasa da ake jefa wa sulalla a gidajen wasa, masu kayan ciki na musamman da tsadar gaske. Kamfanonin Ingila irin su Ocean da US Gold da Elite sukan sayi izinin irin waɗannan wasanni, su ba masu rubuta manhaja 'yan watanni su sake gina su a kan kwamfutar gida. Sau da yawa ba a ba su rubutun manhajar asali, sai dai a ajiye musu akwatin su yi ta bugawa suna kwaikwayon abin da idonsu ya gani.

Yanzu dubi abin da ke hannunsu. Ƙwaƙwalwar Commodore 64 kilobayit 64 ce, ba ta kai girman hoto guda da wayarka ke ɗauka ba. Guntun hotonta yana riƙe siffofi masu motsi 8 ne kawai, kowace faɗin ɗigo 24 da tsawon 21. A Double Dragon sai aka haɗa siffa biyu, sama da ƙasa, don a samu mutum ɗaya, shi ya sa za ka ga ɗan gibi a ƙugun 'yan dambe, har takardar bayanin wasan ta ambace shi. Sannan akwatin ainihi maɓalli uku gare shi, na naushi da na hauri da na tsalle, sandar wasa ta gida kuwa maɓalli ɗaya tak. Gaskiya wannan na cikin waɗanda ba su yi kyau ba, ban ga laifinka ba da ka yi zargi.

Amma kada ka yanke wa sauran kwalin hukunci da shi. In akwai Commando na 1985, saka shi ka saurara. An rage matakansa sosai, amma kiɗan da Rob Hubbard ya tsara da guntun sauti na SID ya sa har yau ake maganarsa. Bubble Bobble na 1987 ya zo da matakansa 100 da damar mutum biyu su buga tare. Wanda ya fi burge ni shi ne R-Type da Bob Pape ya rubuta wa wata kwamfutar gida, ZX Spectrum, a 1988. Wannan na'ura launi biyu kacal take yarda da su a kowane murabba'i mai ɗigo 8 sau 8, ga ƙwaƙwalwa kilobayit 48, duk da haka ya fitar da manyan dodanni masu launi suna motsi ba tangarɗa. A ganina waɗanda suka yi fice su ne waɗanda mai rubutunsu ya san iyakar na'urarsa, ya bar kwaikwayon hoto ya kamo daɗin bugun wasan. Wasan mota Chase H.Q. na 1989 shaida ne: na Spectrum, wanda titinsa kusan ba launi, ya fi na Commodore gudu da armashi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam, zan iya buga waɗannan wasanni a wayar Android ko laftof?

Amsa: Ƙwarai, ko ƙaramar waya za ta ɗauka. Manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar kake buƙata: VICE don Commodore 64, Fuse don Spectrum, dukansu kyauta ne. A waya sauke RetroArch, za ka same su a cikinta. Fayilolin Commodore kan ƙare da .d64 ko .tap, na Spectrum kuma .tzx ko .z80. In ka ga shuɗin allo yana jiranka a Commodore, kuma fayil ɗinka .d64 ne, rubuta LOAD"*",8,1 ka danna RETURN, in ya gama ka rubuta RUN.

Abu biyu ke yawan ba mutane ciwon kai. Commodore ramin sanda biyu gare ta, yawancin wasanni na biyun suke saurara, don haka in mutuminka ya ƙi motsi, sauya ramin a saiti. Sannan da yawansu tura sanda sama shi ne tsalle, abin da ke da wuya a kan gilashin waya. Nemi abin riƙe wasa na Bluetooth, ka ɗora "sama" a kan maɓalli na dabam. Amiga, wata kwamfutar kamfanin Commodore, ta bambanta, tana buƙatar fayil ɗin Kickstart, manhajar da ke tayar da ita, wanda har yanzu sayar da shi ake yi. Su ma wasannin da yawa suna da masu haƙƙin mallaka, ka fara neman waɗanda masu su suka saki kyauta.

Tambaya: Tsohuwar na'urar fa, in jona ta da wuta?

Amsa: Kada ka jona ta da tsohon akwatin wutarta. In ya tsufa yakan tura fiye da bolt 5 ya ƙona guntayen ƙwaƙwalwa. Kai wa mai gyara ya gwada shi da mita tukuna, ko ka sayi sabo da aka yi don ita. Kaset ɗin kuma ka nisanta su daga zafi da lasifika.