Ku Tambaya: Hawan dutse a yini ɗaya, je ka dawo kafin dare

TAMBAYA: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Ni da abokaina uku muka je hawan wani dutse, hanyar ta bi ta doronsa cikin kurmi har kan wani falalen dutse da ake hango ko'ina. Allon bakin hanya ya ce kilomita 6 ne zuwa sama, hawan kuma mita 900, muka ce ai kilomita 6 ba komai bane muka tashi ƙarfe 12 na rana. Wallahi sai cikin duhu muka sauko da fitilar waya, ɗayanmu har ya gurɗe. Ina muka kuskure? Don muna son komawa. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, Allah ya ba abokinka lafiya. Kun kalli 6 ɗin kuka manta da 900, alhali ita ce mai cin lokaci. Akwai wani lissafi da wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar tun 1892 kuma har yau ana aiki da shi: awa 1 ga kowane kilomita 5, sannan ka ƙara awa 1 ga kowane mita 600 da zaka hau. To kaga naku kusan awa 3 ne hawan kawai, kuma wannan na mutum ne mai ƙarfi da baya tsayawa, ba hutu ba hoto ba jiran wanda ya gaji, ku huɗu kuwa tafiyar mafi rauni a cikinku ita ce tafiyarku, don haka ka ɗauka awa 4, ga zama a sama, ga saukowa da mutane ke rainawa kuma tana cin awa 2 ko fiye. Tashin 12 na rana dama dare zai kama ku.

Abin da nake so ka riƙe shi ne lokacin juyawa. Tun a gida ku duba yaushe rana zata faɗi, ku cire lokacin saukowa ku ƙara cire awa 1, abin da ya rage shi ne lokacin da zaku juya ko kun kai ko baku kai ba. Ku yanke shi tun kafin ku tashi, saboda a can sama ba mai yarda, kowa cewa zai yi ai gashi can saura kaɗan. Kuma doron dutse akwai yaudara, zaka hango tudu ka ce shikenan mun iso, kana hawa sai wani ya ɓullo a bayansa, sau biyu sau uku. Ga shi cikin kurmi duhu na riga shigowa, waje da sauran haske amma ƙarƙashin itatuwa saiwoyi da duwatsu sun daina ganuwa, a nan ake gurɗewa. Tocila ta gaske kowa ya sa a jaka, waya a bar mata cajinta, a sauke taswirar wurin tun da sabis don GPS na aiki ko babu netwok. Sannan ku faɗa wa wani a gida ina zaku da lokacin da ya kamata ya ji ku, dan Allah kar ku raina wannan.

TAMBAYA: Malam ni gumi nake sosai a hanya amma ina kaiwa sama sai sanyi ya kama ni har haƙora na kaɗawa, ko ciwo ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Ƙanwata abin da kika faɗa ya fi kama da aikin wurin. Duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5, sannan itatuwan da suka kare ki sun ƙare kin fito fili iska na dukan jiƙaƙƙiyar riga. Auduga in ta sha gumi bata saurin bushewa, ki nemi yadin wasanni, ki riƙe rigar sanyi mara nauyi a jaka ki sa ta da zarar kin tsaya, kar ki jira sai kin fara rawar ɗari. Ruwa kuma kusan rabin lita duk awa, kurɓa kaɗan kaɗan.

TAMBAYA: In hadari ya taso muna kan falalen fa? Mu fake ƙarƙashin bishiya?

AMSA: A'a, ku sauka, tun kuna ganin hadarin daga nesa. Kan tsololuwa ku ne mafi tsayi a wurin, bishiyar da ke tsaye ita kaɗai kuma ita tsawa ta fi faɗawa. In kun ga walƙiya ku ƙirga daƙiƙa har ku ji ƙarar, duk daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ne, in ƙirgen bai kai daƙiƙa 30 ba tana kusa da zata iya samunku. Ku bar doron ku gangara inda itatuwa suke da yawa kuma gajeru, ku ɗan ba juna tazara. Amma ba da gudu ba, falalen da kuka taka ɗazu yana kama takalmi, yayyafi na taɓa shi gansakukar nan ta koma kamar sabulu. Gajerun taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, inda ya yi tsaye sosai ku juya ku fuskanci dutsen ku sa hannu, mutum ɗaya ya wuce kafin na biyu ya taka. Bayan tsawa ta ƙarshe ku ba ta minti 30 kafin kowa ya yi maganar komawa sama, in kuma lokacin juyawarku ya riga ya yi to sai wani zuwan.